Batirin LFP: Fasahar da Amurka ta ƙirƙiro, Sin ta mallake

A shekarar 2020, batirin da ake haɗawa da litiyam da ƙarfe da fosfat, wanda aka fi sani da LFP, bai kai kashi 10 cikin ɗari na baturan motocin lantarki a duniya ba. Zuwa shekarar 2024, a cewar Hukumar Makamashi ta Duniya, ya kama kusan rabin kasuwar. Kusan dukkan waɗannan batura kuwa a ƙasar Sin ake ƙera su, kuma wannan ne ya mai da batun kimiyya ya zama batun siyasa.

Abin da ya bambanta LFP da sauran batura shi ne abin da babu a cikinsa. Baturan da kamfanonin Turai da Amurka suka daɗe suna dogaro da su na buƙatar nikel da kobalt, ma'adinai masu tsada waɗanda ƙasashe ƙalilan ke haƙowa. LFP kuwa ƙarfe yake buƙata da fosfat, wato sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Saboda haka yakan fi na nikel araha da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Kazalika ba ya saurin kamawa da wuta, yana jure zafi, kuma ana iya yi masa caji sau dubbai kafin ya raunana.

Yana da nasa aibin. Wutar da yake riƙewa ba ta kai ta batirin nikel mai nauyi ɗaya da shi ba, don haka motar ba ta cin dogon zango, sannan ƙarfinsa na raguwa a lokacin tsananin sanyi.

Yadda Amurka ta yi sake

A jami'ar Texas ne Farfesa John Goodenough da ɗalibansa suka gano amfanin sinadarin, suka kuma wallafa sakamakon bincikensu a 1997. Daga bisani masu bincike a Kanada suka samo dabarar lulluɓe shi da gawayi domin wuta ta riƙa ratsa shi sosai. Goodenough ya sami lambar yabo ta Nobel a 2019 yana da shekara 97, amma ƙasarsa ba ta ci moriyar wannan aiki nasa ba.

Kamfanin A123 Systems, wanda gwamnatin Obama ta yi wa alkawarin tallafin dala miliyan 249 domin ƙera irin waɗannan batura, ya durƙushe a 2012, kuma a shekarar da ta biyo baya kamfanin Wanxiang na Sin ya saye shi. A ɗaya ɓangaren, masu haƙƙin mallakar fasahar sun amince kamfanonin Sin su yi amfani da ita ba tare da biyan kuɗi ba, muddin dai a cikin gida za su sayar da kayan. Kafin manyan takardun mallakar su ƙare aiki a wajejen 2022, kamfanonin Sin sun shafe fiye da shekara goma suna koyon sana'ar, yayin da takwarorinsu na Yamma ke kallon LFP a matsayin batirin motocin talakawa.

Ko a Sin ɗin ma ba a miƙe hanyar take ba. Akwai lokacin da tsarin tallafin gwamnati ya fifita baturan da ke cin dogon zango, LFP ya ja baya. Abin da ya dawo da shi shi ne sabon tsarin jera ƙwayoyin batiri a cikin mota, wanda ya rage wurin da ake ɓarnatarwa. A watan Maris na 2020 kamfanin BYD ya fito da batirinsa mai suna Blade, ya kuma nuna hoton bidiyo inda aka soke shi da ƙusa bai kama wuta ba. A wannan shekarar ce kuma Tesla ya fara sa baturan LFP na kamfanin CATL a motocin da yake ƙerawa a Shanghai. Daga nan raini ya ƙare.

Tsaka mai wuya

Kamfanonin motoci na Yamma na son batiri mai araha, amma masu ƙwarewar yin sa su ne abokan hamayyarsu. A watan Fabrairun 2023 Ford ya ba da sanarwar gina masana'antar LFP ta dala miliyan dubu 3 da rabi a jihar Michigan, bisa lasisin CATL. 'Yan majalisar dokoki na jam'iyyar Republican suka yi ca a kan shirin, kamfanin ya dakatar da aikin na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba bayan ya rage girmansa. A Janairun 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta sa CATL cikin jerin kamfanonin da take zargi da alaƙa da sojan Sin, zargin da kamfanin ya musanta.

Turai ba ta tsaya wannan jayayya ba: a Disambar 2024 Stellantis da CATL suka amince su gina masana'anta a Zaragoza ta ƙasar Sifaniya.

To sai dai mahukuntan Beijing sun san darajar abin da ke hannunsu. A Yulin 2025 suka sa fasahar haɗa sinadarin LFP cikin jerin waɗanda ba a fitarwa waje sai da izinin gwamnati. Ma'ana, ana iya gina masana'antar a Michigan ko Zaragoza, amma makullin na Beijing.

Inda abin ya shafi Afirka

Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ce ke samar da kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt a duniya. Farashinsa ya haura dala dubu 80 kowane tan a 2022, amma a farkon 2025 ya faɗi zuwa ƙasa da dala dubu 25. Babban dalili shi ne yawan da aka haƙo ya zarce buƙata, sai dai kowace mota mai LFP da aka sayar mota ce da ba ta ɗauki ko giram ɗaya na kobalt ɗin Kongo ba. A Fabrairun 2025 gwamnatin Kinshasa ta dakatar da fitar da ma'adinin, daga baya ta koma tsarin ƙayyade adadi. Matakin ya ɗaga farashi, amma yana iya ƙara wa kamfanoni ƙaimin neman batirin da ba ya buƙatar kobalt.

Maroko kuwa kakarta ce ta yanke saƙa. Ita ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na fosfat da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasa a duniya, tana kuma da yarjejeniyar ciniki da Amurka da Tarayyar Turai. A Yunin 2024 ta rattaba hannu da kamfanin Gotion na Sin a kan gina masana'antar batura a Kenitra.

Litiyam dai har yanzu babu makawa sai da shi, abin da ya sa kamfanonin Sin suka shiga haƙarsa a Zimbabwe da Mali da Najeriya, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a watan Mayun 2024. Amma abin da ake yi a irin waɗannan wurare shi ne matakin farko na tace dutsen. Daga can sai a tura shi Sin, kuma wani ɓangarensa kan dawo kasuwannin Legas da Kano a cikin baturan da ake haɗawa da faifan sola a gidaje da shaguna.