Noma da Kiwo: Kifin Kududdufi Ma Dabba Ne, Sai An Ciyar da Shi

A wannan wata za mu tattauna a kan ciyar da kifin kaf a kududdufan ƙauyukanmu na ƙasar Gallabat. Da yawa daga cikinmu kan zuba ƙananan kifi da damina, su juya baya, sai rani ya zo su ce kifin ya ƙi girma. To, akuyar da ba a ba ta dusa ba ma haka take.

Kaf baƙo ne a Sudan. A shekarun 1970 aka shigo da shi, har da irin nan mai cin ciyawa da aka kawo don share magudanan ruwan Jazira. Amma abincinsa duk yana gidajenmu, tunda Gadarif ƙasar dawa ce da riɗi.

Abinci na farko shi ne ruwan kansa. A zuba kashin shanu ko na kaji a kusurwa guda kowane mako, har ruwan ya yi kore. Ƙananan halittun da ke cikin wannan koren su kifi ke ci. Mu tsoma hannu zuwa gwiwar hannu: in muna hango tafin sarai, a ƙara taki, in ya ɓace tun daga wuyan hannu, a dakata.

Na biyu, dusar dawa kashi uku, a gauraya da umbaz na riɗi kashi ɗaya, a jiƙa a dunƙula. Kaf a ƙasan ruwa yake kiwo, don haka a sa a tsohon faifai a nutsar, wuri guda, safe da la'asar. Kifi kilo 100 zai ishe shi kilo 2 zuwa 3 a yini. In bayan sa'a biyu da saura, a rage gobe. In da asuba muka ga kifi a sama suna buɗe baki, iska ta yi ƙaranci: a tsayar da abinci da taki.

Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya zuba taki ko kaf a hafirin da muke sha. Kaf yana tonon laka ya dama ruwa, taki kuwa cuta ce ga 'ya'yanmu. A haƙa wa kifi nasa daban.

Ruwanmu na 'yan watanni ne, wanda ya yi sake da abinci da damina ba zai rama da rani ba. Allah Ya sa albarka. Sai wata mai zuwa.