Ra'ayinmu: A ɗauki hoton gari kafin katafila ta iso

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Birnin Ƙonni ya ratsa Tsarnawa zuwa Malbaza da Galmi ya san fuskar ƙasar nan na sauyawa da sauri. Gidan bulo na maye soron ƙasa, gonar da aka noma gero bara an yanka ta fuloti bana. A Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, an kafa sabuwar masana'anta, a 2018 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7. A Ƙonni an gyara magudanan noman rani da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, da kuɗin yarjejeniyar da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016. To, a hannun wa hotunan waɗannan wurare suke, na kafin a taɓa su?

Masu hoto ba su ƙaranta ba. Akwai na biki da suna, akwai na katin shaida a bakin kasuwa, ga salula a aljihun kowane saurayi. Sai dai yawancin abin da ake ɗauka fuska ce da kwalliya, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sayar da ita, shi ke nan.

Hoton ƙasa kuwa ya taɓa yi wa jahar Tahoua babbar rana. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, duniya ta gama yanke hukunci cewa hamada na cinye mu. Sai wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya ajiye hoton garin Galma na yankin Madawa da aka ɗauka daga sama a 1975 kusa da na 2003, aka ga itatuwa sun ninka a gonaki, alhali mutane ma ƙaruwa suka yi. Manoma ne suka yi aikin da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana renonsa, amma sai da hoto ya tsaya musu shaida kafin a yarda. Haka a Illela, tamu ta Nijar muke nufi, ba ta Amarawa da ke tsallaken iyaka ba: a 1989 wani shirin asusun raya noma na FIDA ya kai manoma Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka duƙufa haƙa tassa a kan faƙo, suna zuba taki a ramin, har ƙasar da ko ciyawa ba ta fitarwa ta koma ba da gero. Yaron Badagishiri ta yankin Illela na yau bai san wancan faƙon ba sai a labari.

Amma hoto ma yana ƙarya, kuma a ƙasarmu ƙaryarsa ba ta da wuya. Ka ɗauki fili a watan Afrilu, iska na tada ƙura, awaki na lasar ƙasa, ka rubuta "kafin aiki". Ka dawo a Agusta gero ya kai kafaɗa, ka rubuta "bayan aiki". Damina ce ta yi aikin, mai kwangila ya karɓi yabo. Ko gawo kaɗai ya isa ya ruɗa baƙo: da damina yake zubar da ganye ya tsaya kamar matacce, da rani kuma ya yi kore shar. Fadamar Galmi da ke cike da albasa a watan Fabrairu, in ka koma bayan an kwashe an zuba a rudu, sai ka rantse ba a taɓa shuka komai ba. Saboda haka hoto guda ba hujja ba ne. Sai an tsaya wuri ɗaya, an fuskanci gefe ɗaya, a wata ɗaya, shekara bayan shekara, da kwanan wata a jiki.

Masu ɗari-ɗari da wannan magana suna da hujjoji, ba ma raina su. Ƙonni garin iyaka ne, halin tsaro kuma kowa ya sani. Wanda ya ɗaga kyamara kusa da gada ko shingen jami'ai zai sha tambaya, kuma jami'in bai yi laifi ba. Sannan mutanenmu sun gaji da baƙon da ke zuwa ya ɗauki yaro mai yagaggiyar riga ya tafi neman suna da shi a Turai. Akwai kuma mutuncin gida: ba kowane magidanci zai so a ga iyalinsa a Facebook ba. Wasu za su ce ma'aikatar magajin gari da ke fama da shara da kwalbati ina ta ga kuɗin hoto.

Duk waɗannan sharuɗɗa ne na yadda za a yi aikin, ba dalilan barinsa ba. Batun kuɗi ma bai taka kara ya karya ba, tunda salula mai kyau da kwamfuta guda sun isa farawa. Jinkirin ne mai tsada. A Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19. Yau wanda bai gan shi a tsaye ba, sai dai a nuna masa hoto. Yamai ta shekarun 1960 da 1970 kuwa, da yawan abin da ake gani nata albarkacin Philippe Koudjina ne, mutum guda da kyamararsa.

Ra'ayinmu shi ne, hukumomin Ƙonni, Malbaza da Illela su sa doka: kada a rusa kasuwa, a yanka fuloti ko a fara titi sai an ɗauki wurin, an ajiye kwafi a ma'aikatar magajin gari inda ɗan gari zai iya gani. A zaɓi wurare kaɗan, irin su bakin madatsar Mozage, fadamar Galmi da tsaunin da ake haƙar dutsen siminti, a riƙa ɗaukarsu rani da damina. A ba masu hoton garin aikin, da takardar izini daga hukuma, su kuma nemi yardar duk wanda fuskarsa za ta fito. Dattawan da ke da tsofaffin hotuna a ƙasan akwati, muna roƙonku ku fito da su a kwafa tun gara ba ta riga mu ba.