Ciwon "bari sai na sayi" (zare)

1/ Akwai wani ciwo da ke kama mu masu ɗaukar bidiyo, sunansa "bari sai na sayi". Bari sai na sayi Sony. Bari sai na samu gimbal. Bari dala ta sauka tukuna. Shi kuwa labarin da kake son yi yana nan kwance a kanka shekara uku, ko shafi ɗaya ba ka rubuta ba.

2/ Da kaina zan fara, kar a ce ina wa'azi. An ɗauke ni aikin wani biki, na je da sabon gimbal ina ta taƙama. Lokacin da kakar amarya ta riƙe hannunta tana yi mata nasiha, su biyun suna kuka, ni ina bayan ƙofa ina fama da saita shi don na canza gilashin kyamara. Kafin in dawo an wuce wurin.

3/ Na kai musu aiki tas: kala mai kyau, hoto ba rawa, takalmin ango ma sai da ya samu daƙiƙa goma. Tambaya ɗaya uwar amarya ta yi min: "Ina wurin da Hajiya ta yi magana?" Wata ƙanwar amarya ce ta ɗauka da wayarta, hannu na karkarwa. Nata ne dangi suka yi ta turawa juna, ba nawa ba.

4/ Ku duba yaran Kaduna, The Critics. A 2019 duniya ta san su saboda gajerun finafinan kimiyya da suke yi da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. Daga baya J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. Ku lura da jerin: aikin ne ya fara zuwa, kayan suka biyo shi.

5/ Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine da iPhone 5s, aka nuna shi a bikin Sundance a 2015. Shekara goma bayan nan ya ci Oscar da Anora. Wayar da ke aljihunka yanzu wataƙila ta fi waccan.

6/ Na san me za ku ce: "Malam, kwastoma idan bai ga babbar kyamara ba rena ka yake yi." Gaskiya ne, na sha gani. Kuma ɗakin taro mai duhu yana buƙatar kyamara mai iya ɗaukar duhu, wannan ba gardama. Amma ai akwai haya. Ka karɓa na kwana ɗaya, ka sa kuɗin cikin lissafin aikin, ba sai ka ci bashin da zai hana ka barci ba.

7/ Kuma wai 4K ɗin da kake mutuwa a kai, a ina ake kallonsa? A WhatsApp, bayan an matse shi, a waya mai ƙaramin allo, mutum na lissafin data.

8/ Abin da mai kallo ba ya yafewa shi ne sauti. Zai jure hoto mai dishi-dishi, amma da ƙarar janareto ta danne muryar mai magana, ya wuce. Idan dole sai ka kashe kuɗi, ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ya fi maka sabon gilashi. Haske kuma, zaunar da mutum kusa da taga kyauta ne.

9/ Masu bitar kyamarori a YouTube sana'arsu suke yi, da yawansu suna da kamasho idan ka saya ta hanyarsu. Ba laifi. Sai dai ba za ka ji sun tambaye ka ba: wa kake ɗauka, me yake nema, me ya tare masa hanya, me ya canza a ƙarshe?

10/ Akwai mai shayi a bakin layinmu da ya yaye 'ya'ya a makaranta da tukunyar nan tasa. Wata shida ina cewa zan ɗauke shi idan na samu kyamarar da ta dace. Jiya na je na same shi, ya ce in zo Asabar bayan Asuba kafin mutane su cika teburin. Da waya zan je, da makirfon da na aro.