Wa ya ce alkawarin baki ba ya ɗaure mutum?

Maganar nan da wasu lauyoyi ke ta nanatawa, wai alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba, ba ya hawa kan kowa, ta fara shiga kunnen masu hali a Kutama da Getso da Kabo, kuma ɓarnarta ta wuce yadda masu faɗinta ke zato. A ɗauki manomin da attajirin garinsu ya ce masa gaban shaidu: "Kwantar da hankalinka, takin bana a wuyana." Ya sayar da akuyarsa ya biya masu huɗa, ya ƙara fili, masara ta kai gwiwa ganyenta ya fara ɗorawa, sai Alhaji ya ce ya fasa. Lauya zai ce wa manomin nan ba shi da ƙara, don bai ba Alhaji ko sisi ba.

Ƙa'idar daga Ingila ta zo, cikin dokokin da ke aiki a can ranar 1 ga Janairun 1900, waɗanda aka ɗora mana. A wurinta, da manomin ya miƙa naira ɗaya tak da alkawarin ya ɗauru, amma akuyarsa da daminarsa gaba ɗaya ba a bakin komai suke ba. Ita ce ta sa a 1884, a shari'ar Foakes da Beer, aka bar mai bin bashi ta dawo ta karɓi abin da ta riga ta yarda ta bari. Mu kuwa muna da hukuncinmu tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wanda aka ruwaito daga Ibnul Ƙasim, shi ne duk wanda alkawarinka ya sa ya shiga wata hidima, alƙali zai tilasta maka cikawa. Malamin mazhabar Al-Haɗɗab littafi guda ya rubuta a kan ɗaukar wa kai nauyi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi wannan hanya a zamanta na Kuwait a 1988.

Za a ce kowane "zan duba" na bakin kasuwa zai koma ƙara. Wannan ba hujja ba ce. Wane alƙali ne bai san bambancin fatar baki da maganar da ta raba mutum da dabbarsa ba? Za a kuma ce Alƙali Denning na Ingila ya sassauta ƙa'idar a 1946. Sassaucin nasa wanda aka kai ƙara kaɗai yake karewa, manominmu ba zai iya shigar da ƙara da shi ba.

Asalin ciwon shi ne rainin da ake yi wa ilimin zaure tun da aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960. Yaro ya haddace shari'o'in Landan, bai taɓa buɗe littafin Mukhtasar na Malikiyya ba, sannan ya zo yana gaya wa dattawan Gwarzo abin da ke ɗaure mutum. Kano na da kotunan shari'ar Musulunci tun 2000, can ya kamata manomin nan ya kai shaidunsa.