Kafin A Haƙa Harsashi, A Duba Inda Rana Take Faɗuwa

 Tambaya gare ka: ka taɓa zama a ɗakin bulo mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu? In ka taɓa, to ba sai na yi maka dogon bayani ba. Zafi ya kai digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cik, yara sai gyangyaɗi da gumi. Amma ka lura, duk sanda mutanen gari a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa suka yi karo-karo don gina wa matasa wurin karatu da taro da koyon sana'a, irin wannan ɗakin dai ake ginawa. Ni a ganina asarar kuɗin talakawa ce, domin ɗakin da ba ya zaunuwa da rana, matasa za su bar shi su koma gindin bishiya ko bakin tasha.

Abu na farko ko kwabo ba ya ci, wato fuskar gini. Rana tana fitowa gabas ta faɗi yamma, kuma ta yamma ita ce muguwa, don tana dukan bango kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya gasu. Saboda haka dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, nan za a sa tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. Gabas da yamma a ba su gajerun bangaye, a jera darbejiya ko mangwaro a yamma. Yawancinmu titi muke dubawa mu juya masa ƙofa, shi ke nan.

Na biyu shi ne bango. Je ka zauren gidan kakanka da azahar, ka ji yadda yake da sanyi. Ba sihiri ba ne. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya isowa ciki sai dare. Shi ya sa da bazara ake kwana a tsakar gida. To, ɗakin matasa ai da rana ake amfani da shi! Kafin zafin ya shigo kowa ya tafi gida, sai a bar ƙananan tagogin sama a buɗe ya huce kafin asuba. Da hunturu kuwa, a rufe na arewa saboda iska da ƙura, ɗumin bangon nan ya amfani masu karatun dare. Bulon siminti mai rami ba ya wannan aikin, da wuri yake ɗaukar zafi.

Na san abin da za ka ce: “Malam, ginin ƙasa ai na da ne, ga yaɓe kullum, ga rushewa da damina.” Maganarka tana kan hanya, musamman wajen Doguwa da Riruwai inda ruwa ya fi na birnin Kano yawa. Sai dai ruwa ta ƙasa da ta sama yake cin gini. A ɗaga harsashi da dutse, wanda Allah ya hore wa yankin, a fito da bakin rufi sosai ya kare bango, musamman na gabas inda hadari ya fi bugowa. Akwai kuma bulon jar ƙasa da ake zuba wa siminti kaɗan a matse da inji, ba ya neman yaɓen shekara-shekara.

Kada ka ɗauka tatsuniya nake yi maka. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, Francis Kere ya gina makarantar firamare a 2001 da irin wannan bulon. Bai ƙi kwano ba, ɗaga shi ya yi sama da silin na ƙasa ya bar fili a tsakani, iska mai zafi ta riƙa ficewa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Ga kuma Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka gama a 2018. Mu kuwa da muke da Gidan Makama a Kano, da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani, mu ne muke jin kunyar ƙasa.

Kai ɗalibi, ba ka da kuɗin siminti, amma kana iya kafa sanda a filin da za a yi ginin, ka shata inuwarta da hantsi da azahar da la'asar, ka nuna wa dattawan kwamiti. Kai kuma baba, in an kira taron karo-karo, a gayyato tsohon maginin garinku ya zauna kusa da ɗan kwangila tun kafin a ja igiya. Dashen kuma kada a jira sai an gama rufi, a sa su a daminar farko, a kewaye su da ƙaya saboda awaki.