A Bar Ganyen Ƙanshi Ya Yi Fure a Lambunan Bronx

Duk wanda ya samu fangali a ɗaya daga cikin lambunan unguwa na birnin New York ya san abin da ake kira ƙarancin ƙasa. Akwatin katako ne, galibi ƙafa 4 a faɗi, 8 a tsawo, cike da ƙasar da aka kawo daga wani wuri, domin ta asalin wurin kan ƙunshi dalma daga tsohon fenti da hayaƙin fetur, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A wannan ɗan akwati ne mutumin Maradi ko na zangon Kumasi ke son ya ga tumatir da attarugu da kuɓewa da yakuwa, duk tsakanin tsakiyar Mayu da shigowar sanyin Oktoba. To, a ina zai sa ɗaɗɗoya da na'a-na'a? Ni dai ra'ayina shi ne ya sa su, ko da zai rage tumatir ɗaya. Amma dalilina ya sha bamban da wanda ake yawo da shi a intanet.

Tun da Louise Riotte ta fitar da littafinta Carrots Love Tomatoes a 1975, masu lambu a Amurka ke haddace jerin wane tsiro ke son wane, wane ke ƙin wane. Za a ce maka ɗaɗɗoya na ƙara wa tumatir zaƙi, ko na'a-na'a na korar ɓera. Yawancin wannan ji-ta-ji-ta ce. Ɓerayen Bronx ba su taɓa barin lambu don ƙanshin ganye ba. Abin da ke rage su shi ne a rufe shara, a daina barin ruɓaɓɓen tumatir a ƙasa. Yana damuna in ga ɗan'uwa ya kashe kuɗinsa da damina guda a kan irin wannan jeri, ya ga ba ta biya ba, sai ya yi watsi da dabarar haɗa tsirrai gaba ɗayanta.

Alhali dabarar tamu ce tun kaka da kakanni. Manomin ƙasar Hausa bai saba shuka abu ɗaya tilo ba: gero da dawa, wake a tsakani, kabewa na bin ƙasa, yakuwa da rama a gefen gona. Da can malaman gona masu takarda na ganin wannan ci-baya ne, har sai da David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a shekarun 1960. Abin da ya wallafa a 1974 shi ne gonar gauraye ta fi ba da riba a kan kowace eka, kuma ba ta cika barin mai ita hannu rabbana ba idan shekara ta yi gardama. 'Yan asalin wannan yanki na New York ma, kafin zuwan Turawa, masara da wake da kabewa suke haɗawa a tudu ɗaya.

Wurin da ganyen ƙanshi ya fi amfani shi ne furensa, kuma a nan ne muke yin hasara ba mu sani ba. Da zafin Yuli ya kama, koriyanda sai ta miƙe ta fitar da fararen furanni ƙanana, mai lambu kuwa ya tumɓuke ta, wai ta tsufa. Ka tsaya minti biyar a kanta da hantsi tukuna. Za ka ga wasu ƙudaje masu zanen ƙudan zuma suna tsayawa cak a iska. Tsutsotsinsu ne ke cinye darɓar da ke manne a bayan ganyen barkono. Za ka ga rina ƙanana ƙwarai, waɗanda bakinsu gajere ne, sai fure mai buɗaɗɗen baki irin na koriyanda da dil suke iya sha. Akwai ƙatuwar koriyar tsutsa mai ƙaho a gindi da ke kwashe ganyen tumatir a dare ɗaya. In ka gan ta da fararen abubuwa jere a bayanta kamar ƙwayar shinkafa, kada ka kashe ta: 'ya'yan rinar nan ne suka cinye cikinta, kuma gobe su ne masu gadin fangalinka. Wannan aiki kyauta ne, a birnin da tun 2005 doka ta taƙaita feshin guba a filayen hukuma.

Shi ma ƙanshin yana da nasa aikin, sai dai da sharaɗi. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna a 2019 cewa furen marigol na rage farin ƙuda a kan tumatir, saboda wani sinadari mai ƙanshin lemo da yake fitarwa, amma a ɗakin gilashi aka yi gwajin, kuma ya fi tasiri in an dasa shi tare da tumatir tun farko. Saiwarsa na rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli, in an cika fangalin da shi wajen wata biyu kafin dashe. Tsiro biyu a kusurwa ba za su yi ba. A Kenya ma, dabarar da cibiyar icipe ta fito da ita don kare masara daga tsutsar kara da ƙuduji ta yi nasara ne don an san wane tsiro, da wane ƙwaro, da tazara nawa.

Na'a-na'a kuwa, a tukunya za a sa ta, in ba haka ba saiwarta ta mamaye akwatin har ta shiga na maƙwabci. Ɗaɗɗoya a gefen da rana ke bugawa, ana tsinkar kanta don miya, a bar guda ɗaya ta yi fure saboda ƙudan zuma.

Lambunan nan ba daga sama suka faɗo ba. Liz Christy da abokanta ne suka share wani kango a kusurwar titin Bowery da Houston a 1973, lokacin da birnin ke dab da tsiyacewa. Shirin GreenThumb ya biyo baya a 1978, yau yana kula da lambuna sama da 550. A 1999 magajin gari Giuliani ya so ya yi gwanjon fiye da 100, sai da aka kai ruwa rana kafin a cece su. Karen Washington na cikin waɗanda suka kafa lambun Garden of Happiness a Bronx a 1988, shekarar da Lambun Tsirrai na New York ya fara shirin Bronx Green-Up mai koyar da masu lambun unguwa.

Abin da nake so in gani shi ne mutanenmu a waɗannan zaurukan koyarwa suna magana, ba saurare kaɗai ba. A cikin direbobin tasi da ke cika sahun masallatanmu na Bronx da Harlem akwai waɗanda suka tashi a fadamun Kano da lambunan albasar Galmi, sun san inuwar da kuɓewa ke yi wa alayyafo, sun san lokacin da ake cire yabanya. GreenThumb na yin babban taron masu lambu, GrowTogether, kowace shekara kafin lokacin shuka. Ƙungiyoyinmu su nemi fangali da sunansu, su tura dattawan nan wurin taron, tare da yaro mai jin Turanci da zai yi musu tafinta.