Matatar Bakin Birji: wa ke auna abin da kamfani ya faɗa?

A 2011 aka buɗe matatar man SORAZ cikin gundumar Tanut: ganga 20.000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, 40 na Nijar. Wannan lissafi sananne ne. To, ruwan da matatar ke sha da hayaƙin da take fitarwa fa, wa ke tabbatar da adadinsu? Manomin Damargu ba ya barin mai saye ya auna hatsi shi kaɗai. A tsarin ITIE, wanda Nijar ta bari a 2017 ta koma a 2020, mai bincike na waje ke gwada kuɗin da kamfani ya ce ya biya da wanda baitulmali ya karɓa. Ya kamata a yi wa ruwa da hayaƙi haka, a karanta wa manoma da makiyayan Olelewa sakamakon da Hausa.